Ɗaukar hoton zane ba ya mai da mutum mai zanen

Wato har yanzu akwai masu kare kamfanin dillancin hotunan nan da ya sa aka sauke hoton zanen Vermeer daga shafin wani malamin tarihi, wai an keta wa kamfanin haƙƙin mallaka? Vermeer, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya rasu tun 1675. Sai dai idan shi ne ya taso daga kabarinsa a birnin Delft ya ba su wakilci, in ba haka ba ban ga ta inda haƙƙin ya biyo ya zo hannunsu ba.

Ƙa'idar a fili take. Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka ta tanadi kariya ta tsawon rayuwar mai fasaha da aƙalla shekara 50 bayan mutuwarsa, ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun kai shekara 70. Da zarar wa'adin ya cika, aikin ya zama na kowa: a kwafa, a buga, a koyar da shi, ba sai an nemi izinin wani ba.

Na san za a ce ai kamfanin ya kashe kuɗi, ya kai kyamara mai tsada, ya daidaita haske. Madalla, Allah ya saka da alheri. Amma wahala daban, ƙirƙira daban, doka kuwa ƙirƙira take karewa. A 1999 wata kotun tarayya a New York, a shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin Bridgeman da Corel, ta yanke cewa hoton da aka ɗauka don ya fito da tsohon zane sak yadda yake ba ya haifar da sabon haƙƙi, domin gwanintar mai ɗaukarsa ita ce kada ya ƙara komai nasa. Tarayyar Turai ta sanya irin wannan a sashe na 14 na dokarta ta haƙƙin mallaka ta 2019. Ka ɗauki hoton, ka liƙa tambarinka a tsakiyarsa, duk da haka zanen bai zama naka ba.

Abin da ke damuna da gaske shi ne ɗalibin da ba zai taɓa zuwa Holan ba, wanda allon wayarsa ne kaɗai gidan tarihinsa. Gidan tarihin Metropolitan na New York ya saki hotuna kusan 375,000 kyauta a 2017, gidan tarihin Rijksmuseum na Holan ma ya riga shi, kuma babu wanda ya rufe ƙofa saboda talauci.

Su kuma masu murnar cewa kowane tsohon zane ya zama na kowa su dakata, tsufa a ido ba hujja ba ce. Shahararren mai zane Picasso ya rasu ne a 1973, don haka a Tarayyar Turai ayyukansa na ƙarƙashin kariya aƙalla har ƙarshen 2043. Sassaucin da dokar Amurka ta yi don sharhi da koyarwa bai haɗa da buga zanensa a riga kana sayarwa ba, kuma rubuta "ba nawa ba ne" a ƙasan hoto ba ya wanke kowa a gaban alƙali.