Giyar CVT: ba duk laifin da ake ɗora mata ne nata ba

Da an ambaci CVT, wato giyar otomatik mai aiki da bel, a hirar mota, ba a rasa wanda zai yi tsaki ya ce giyar banza ce, ba ta ƙarko. Ni dai ban yarda ba. Giya ce mai sharaɗi, kuma mafi yawan waɗanda ta mutu a hannunsu sun yi mata irin riƙon da ake yi wa otomatik ta gargajiya ne, alhali cikinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

A giyar da aka saba, haƙori ne ke cizon haƙori, a tashi daga ta ɗaya zuwa ta biyu zuwa ta uku. CVT ba ta da wannan matakala. Fuli biyu ne, ɗaya a ɓangaren injin, ɗaya a ɓangaren taya, sai bel na ƙarfe a tsakaninsu. Kowane fuli faranti biyu ne masu gangare suna fuskantar juna, ɗaya a kafe, ɗayan kuma man giya ne ke tura shi. In suka matse, bel ya hau sama ya yi babban zagaye. In suka buɗe, ya nutse ciki ya yi ƙarami. Lokacin tashi, fulin injin sai ya juya kusan sau biyu da rabi kafin na taya ya juya sau ɗaya. A babban titi abin ya juye, juyi ɗaya na farko ya ba da fiye da biyu a na biyun. Tsakanin nan da can babu tsalle, sulalewa kawai ake yi, shi ya sa injin ke zama inda ya fi ƙarancin shan mai.

Ka ɗauki bel ɗin a hannu ka duba. Ɗaruruwan ƙananan ƙarafa ne, kaurin kowanne bai kai milimita 2 ba, an jera su reras a kan ɗauri biyu na siraran zobba. Kowane ɗauri zobe 9 zuwa 12 ne a cikin juna, kaurin ɗaya wajen milimita 0.2. Kuma ba ja yake yi ba kamar bel na roba, turawa yake yi, kowane ƙarfe na ingiza na gabansa. Babu haƙori ko ɗaya da ke riƙe shi a jikin fuli. Matsi ne kurum, wanda famfon mai ke bayarwa, kuma yakan haura bar 40 a ma'aunin matsi in an taka mota. Tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka, sai ka kwatanta.

To a nan gizo ke saƙar. Ana son man ya yi aiki biyu masu karo da juna: ya ba boris santsi, amma ya bar ƙarfe ya kama ƙarfe tsakanin bel da fuli. Man otomatik na gargajiya ba a haɗa shi don wannan ba. In aka zuba shi, motar za ta tashi lafiya, mai ita ya ce ai ga shi ba abin da ya faru. Amma bel ya fara zamewa kaɗan-kaɗan, yana kartar fuskar fuli. Garin ƙarfen da ya kankaro ya bi mai ya shiga bawul, bawul ya fara maƙalewa, matsi ya ragu, zamewa ta ƙaru. Haka abin zai yi ta cin kansa har giyar ta tsaya. Ko a cikin man CVT ɗin ma kowa da nasa: Nissan na da NS-2 na tsofaffi da NS-3 na sababbi, Honda na da HCF-2, Toyota na da TC da FE. Abin da littafin motar ya ce shi za a zuba, ba abin da launinsa ya yi kama ba.

Maganar da wasu ke yi cewa ba a canza man har abada kuwa, ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Motar da ke aiki cikin zafi da cunkoso, shawarata a canza tsakanin kilomita 40,000 da 60,000. In aka kwance kusar ƙasa, lita 3 da rabi zuwa 4 ke fita, alhali giyar na ɗauke da 7 zuwa 8, saura na cikin bututu da kwanbata, wato abin da ke haɗa injin da giya. Man da ya yi baƙi sosai sai a maimaita bayan 'yar tafiya, ba a tura sabon mai da injin matsi ba, don yana tayar da dattin da ya kwanta. A sauke kaskon mai a duba maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka kamar kwalli ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai walƙiya da kake ji a yatsa, wannan bel ne ko fuli ke cinyewa, kuma sabon mai ba zai mayar da shi ba. Giyoyi da yawa filta biyu gare su, ta raga a cikin kasko da ta takarda kusa da abin sanyaya mai, kuma ta biyun ce ake yawan mantawa.

Awon mai shi ma da ƙa'idarsa. Mota a shimfiɗe daidai, injin na aiki, a bi P, R, N, D ana ɗan tsayawa a kowanne, sannan a auna lokacin da zafin man ke tsakanin digiri 35 da 45 a mafi yawan na Nissan da Toyota, kuma kwamfuta ce za ta faɗi zafin, ba tafin hannu ba. A buɗe kusar awo har zubar ta koma siririya, a ɗaure. In ya yi yawa kumfa yake yi, in ya gaza famfo ya zuƙi iska. Duka biyun matsi suke kashewa.

Bayan mai, sai zafi da fizga. Taya ta yi ta juyawa a yashi ko taɓo sannan ta cafki ƙasa farat ɗaya, wannan bugun kai tsaye bel yake samu, kuma karta ɗaya ta isa. Haka jefa giya daga D zuwa R mota ba ta gama tsayawa ba. Haka jan mota da igiya tayoyin da giya ke juyawa na ƙasa injin a kashe: famfo ba ya aiki, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe. A ɗora ta a kan motar ɗauka.

Ba ina cewa giyar ba ta da rauni ba. Tana da shi, masu ƙera ta ma sun sani. Nissan ta tsawaita garantin CVT na motocin 2003 zuwa 2010 a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Audi ta yi shekaru da tata mai sarƙa, Multitronic, ta bar ta. Toyota kuwa a 2018 ta sa giyar haƙori guda ɗaya don tashi kawai, bel ya karɓa bayan mota ta mirgina, wanda ya nuna maka inda bel ya fi wahala. Mai jan tirela ko lodi mai nauyi kullum, ya nemi wata giyar. Amma dabarar kanta ba ta yau ba ce, ba kuma ta rago ba ce. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fito da ita a ƙaramar mota tun 1958 da bel na roba, kuma a 1993 ƙungiyar tsere ta Williams ta gwada ta a motar tseren Formula 1, aka haramta ta kafin ta shiga gasa.

A kula kuma, abin da ake kira e-CVT a Prius da 'yan uwanta suna ne kawai ya haɗa su. Babu bel babu fuli a ciki, haƙora ne da injinan lantarki biyu. Kada a auna ta da wannan ma'auni.

Mai sayen motar CVT ta hannu, kada ya tsorata don ya taka totur injin ya tsaya a ƙara ɗaya mota na ƙara gudu, haka aka yi ta. Abin dubawa daban ne. A yi tafiyar minti 20 zuwa 30 har man ya yi zafi, don a sanyi ɓoye ciwonta take yi. A tashi a hankali a saurari karkarwa tsakanin kilomita 20 da 40 a awa. A riƙe gudu ɗaya a kalli allurar injin, in tana hawa da sauka ƙafarka ba ta motsa ba, bel na zamewa. Kukan da ke ƙaruwa da gudu, boris ne ko famfo. In an sa D ko R, kada ta ɗau daƙiƙa biyu ko uku kafin ta kama. Sannan a jona kwamfuta a karanta ɓangaren giya shi kaɗai. A Nissan, P17F0 da P17F1 lambobin karkarwa ne, kuma suna iya zama a ajiye ba tare da wata fitila ta kunnu a gaban direba ba.