A Galax jikar likita ce ke kaɗa banjo

Wani dattijon Bature ya miƙo mini banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da fata dangin gurmi, ya ce in kaɗa, tunda daga wajenmu Afirka aka zo da shi. Na karɓa, na juya shi, na shafa fatarsa, na mayar masa. Ban iya ba. Shi dai ya yi murmushi ya ci gaba da sha'aninsa, amma ni abin ya tsaya mini a rai har yau.

A Galax abin ya faru, cikin watan Agusta. Ƙaramin gari ne a jihar Virginia, can cikin duwatsun Blue Ridge, dab da iyakar Carolina ta Arewa inda nake zaune. Daga Greensboro tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba. Mutanen garin ba su kai 7,000 ba, kuma da masana'antun kujeru da gadaje aka san su. Tun 1935 reshen ƙungiyar zumunci ta Moose na garin ya fara shirya taron makaɗa mai suna Old Fiddlers' Convention, wanda yanzu ake yi daga Litinin zuwa Asabar. Wani abokin aikina ne ya matsa in raka shi, don 'yar ƙanwarsa za ta shiga gasar yara ta daren Litinin. Dattijon nan mahaifinsa ne, likitan haƙori da ya yi ritaya.

Filin da ake taron sunansa Felts Park. Kafin mu isa ya cika maƙil da motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, da tantuna, da rumfunan tamfol, an jera su layi-layi an bar 'yan lunguna tsakani. An yi ruwa, ƙasa ta caɓe, ga tsofaffin mata sanye da takalman roba suna ratsa taɓo, kowace ta rungumi akwatin gogenta kada ya jiƙe. A gefe guda akwai dandamali yana fuskantar benen kallo na siminti, gabansa jama'a sun baje kujerun naɗewa da suka zo da su daga gida. Masu gasa suna bin layi ta baya. A kira sunanka da garinku, ka hau, ka yi kiɗa ɗaya na 'yan mintoci, ka sauka, a kira na bayanka. Kowane kayan kiɗa da nasa rukunin, har da rawar da suke yi kan katako da tafin ƙafa. Wanda ya ci ya samu ƙyallen yabo da ɗan kuɗin da ba zai biya masa man mota da abincin mako ba.

Kiɗan da ya fi jan jama'a shi ne bluegrass. Yawanci mutum biyar ne: mai banjo, mai goge, mai jita, mai mandolin (wata 'yar ƙaramar aba mai tsirkiya takwas), sai mai ƙaton goge wanda ya kai tsayin mutum, shi da yatsa ake fizgarsa. Ba ganga, ba kalangu, ba abin bugawa ko ɗaya, ba kuma kayan lantarki. Mai ƙaton gogen ne ke ajiye taki, mai mandolin ya riƙa sara a tsakani, a haka suke gudu kamar ana kora su, ba wanda ke kauce wa ɗan'uwansa. Kowa da lokacinsa na matsowa gaba ya nuna hannu, sauran su rage sauti su ba shi fili. In aka zo waƙa sai mutum uku su haɗa kai a bakin makirfo ɗaya, ɗaya ya ɗaga murya can sama siririya har ka ji tsigar jikinka ta tashi. Bill Monroe, ɗan jihar Kentucky, shi ake kira uban wannan kiɗa, daga sunan ƙungiyarsa ma aka samo sunan. Kiɗan ya zauna da gindinsa a 1945, lokacin da Earl Scruggs ya shigo ƙungiyar da salon kaɗa banjo da yatsu uku.

Yarinyar shekararta goma. Banjon ya kusa rufe mata jiki. Kakanta ne ya durƙusa a cikin taɓon nan ya ɗaure mata tsirkiya, ya kasa kunne, ya sake murɗawa. Shi ya koya mata, shi ma wurin kawunsa ya koya. Da aka kira sunanta dangin gaba ɗaya suka miƙe, uwar tana hawaye tana ɗaukar hoto. Ba ta ci komai ba. Duk da haka yadda suka tare ta da ta sauko, sai ka rantse sauka ta yi. Bayan mun koma rumfarsu ne dattijon ya ji daga Najeriya nake, ya miƙo mini banjon.

Ina da kamar shekarun yarinyar nan na haɗa ɗan kuntigina da gwangwanin kifi da wayar birkin keke. Baffana ya same ni a zaure ina gwadawa. Ya karɓa ya take shi da ƙafa, ya ce, "Gidan nan ba a haifi maroƙi ba, ba kuwa za a fara da kai ba." Na san masu cewa kiɗa haramun ne, kuma ba zan shiga hurumin malamai ba. Amma Baffa ba don addini ya fasa shi ba, Allah Ya jiƙansa. Rediyonsa kullum a kunne take, in aka sa Shata ba mai tari a zauren. Waƙar yake so, mai yin ta ne ba ya so a jininsa.

Haka muke, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, aka yi ta tafi. A cikin manyan da suka yi tafin, wa zai ba ɗan makaɗin kalangunsa 'ya? Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da tsirkiya ɗaya. A garinku ɗan alƙali nawa ka gani yana koyon kuntigi? Mun ɗaure kiɗa da roƙo tamau, har muka kasa ganin ɗaya ba ɗayan. Makaɗi sai da ubangida, waƙa sai da wanda za a wasa, taro sai da liƙi. Muka mai da abin gado na wasu gidaje, sannan muka raina gidajen. To ranar da 'ya'yan gidan suka gaji da raini suka kama kabu-kabu, wa zai ɗauka?

A Galax ban ji an ambaci sunan mai kuɗi ko ɗaya a waƙa ba. Ban ga an liƙa wa kowa ko sisi ba. Wadda ta fi burge ni da goge ma'aikaciyar jinya ce, mai jitar da ke gefenta walda yake yi, ɗayan kuma malamin makaranta. Kowa na da abin da yake ci da kansa, kiɗan don suna so ne. Akwai ƙwararru da suka mai da shi sana'a, irin su Del McCoury da aka haifa a 1939, wanda 'ya'yansa biyu ke ƙungiyarsa, amma su ma tikiti ake saya a gan su, ba sa bin kowa gida. Shi ya sa likita ba ya jin ya zubar da girma in jikarsa ta hau dandamali.

Kada a ce na zama ɗan koren Turawa. A wajen magana ba su kama ƙafarmu ba. Waƙoƙinsu gajeru ne, baiti uku ko huɗu da amshi, ma'anar a fili. Ba su san zambo ba, ba su san habaicin da sai bayan kwana uku mai shi zai gane da shi ake ba. Wanda ya tashi da Narambaɗa a kunne ba zai ji an ƙosar da shi ba. Ga giya in dare ya yi, ga naman alade ko ta ina, ni dai dankali da masara suka riƙe ni. A saman wata mota na ga tutar 'yan Kudu, waɗanda suka yi yaƙi don kada a daina bauta, tana kaɗawa ba mai ko kallonta. A cikin dubban mutanen nan baƙaƙen da na gani ba su cika hannu biyu ba.

Wannan kuwa ya fi komai yi mini ciwo, domin dattijon gaskiya ya faɗa. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su suka ƙera banjo na farko, da ƙwarya da fata da sanda. Masana sun fi danganta shi da akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, kuma duk wanda ya san gurmi da molo da garaya ya san dangi ɗaya ne. Tun wajen shekarun 1830 Turawa suka riƙa shafa baƙi a fuska suna hawa dandamali da banjo suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. Ta nan ya shiga hannunsu, a hankali jikokin masu shi suka sake shi. Shi kansa Monroe yana saurayi ya yi kiɗan rawa tare da wani baƙar fata, Arnold Shultz, ya kuma sha faɗin abin da ya ɗauka a wurinsa. Shultz ya mutu a 1931 ba a taɓa naɗar kiɗansa ba. Sai a 'yan shekarun nan Rhiannon Giddens, haifaffiyar Greensboro, da abokanta suka riƙa zuwa garin Mebane suna zama gaban tsoho Joe Thompson, ɗaya daga cikin baƙaƙen masu goge na ƙarshe a yankin, suka kwashi abin da ke kansa kafin ya rasu a 2012.

Duk na san wannan, kuma raina yana ɓaci. Amma abin da suka ƙwata sun riƙe shi da kyau, mu namu da ba wanda ya ƙwace muna zubarwa da hannunmu. A 2000 wata mata mai suna Helen White ta fara koya wa 'yan firamare banjo da goge bayan an tashi makaranta a garin Sparta, nan kusa da Galax, shirin ya yaɗu garuruwan duwatsun. Jami'ar jihar Tennessee ta Gabas tana koyar da bluegrass tun 1982. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu yunƙuri, suna da cibiyar koyar da kiɗa ta Taya a Yamai, suna da gasar makaɗa ta Ɗangurmu a Tawa. Mu kuwa yaro in yana son waƙa sai ya nufi situdiyo, a danna fiyano ta yi masa kukan kalangu na ƙarya. Ba na zagin 'yan situdiyo, su ma abinci suke nema. Tambayata ita ce, bayan Haruna Uji da Garba Supa da Hassan Wayam, ina ɗan da ba gidan kiɗa ya fito ba zai je ya koyi gurmi ko kukuma, a bar shi ya dawo gida da mutuncinsa?

Ashe ma gasar ba ita ce taron ba. Ana rufe dandamali sai filin ya ɗauka. Kowace rumfa da da'irarta, mutum biyar, mutum goma, baƙo ya zo da jitarsa ya tsaya a baya, a matsa masa. Na zauna abokina yana warware mini abin da suke cewa. Rabin waƙoƙin kewar gida ne: ɗakin katako a gindin dutse, uwa da ta rasu ɗanta yana nesa, jirgin ƙasan da ya tafi da mutum bai dawo da shi ba. Ya ce iyayensu ne suka bar duwatsun nan bayan yaƙin duniya na biyu, suka tafi masana'antun Ohio da Detroit da Baltimore neman abinci, can a bariki kiɗan ya yi ƙarfi. Kiɗan 'yan ci-rani ne. Da na ji haka sai na kasa ci gaba da sauraro da kunnen mai kallo.

Har kusan asuba ana yi. Na ga mutum ya ajiye gogen da ya kai kuɗin mota a kan kujera ya tafi neman shayi. Na ga yara suna yawo tsakanin rumfuna ƙarfe ɗayan dare, iyayensu ba su ma san inda suke ba. Na san Amurka ƙasar bindiga ce, muna jin labarin harbe-harbe a makarantu da kantuna, ba sai an tuna mini ba. Amma a wannan daren mutum dubbai sun kwana a fili, a ƙauye, cikin duwatsu da daji, ba wanda ya kasa kunne ko zai ji ƙarar babura.

Ni ɗan kudancin Katsina ne. Mun yi dandali, mun yi kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida, 'yan mata na wannan gari su je wancan a ƙafa cikin farin wata su dawo. Ku duba garuruwan da suka ba mu manyan makaɗa: Isa ta Narambaɗa, Maradun da Bakura na Ɗanƙwairo, Musawa ta Shata. Yau in ka ji sunayen nan a rediyo sai gabanka ya faɗi kafin mai labarai ya ƙarasa. Ta yaya zan yi ta faɗa a kan a koya wa yara gurmi, a inda magariba na yi kowa ke sa sakata?

Da na koma Greensboro na kira Yayana ina ba shi labarin yarinyar da kakanta. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai kana ta kiɗa. Mu bana ko gonar hayin rafi ba mu taɓa ba." Na ce, "Yaya, mai gangar noman garinmu fa, yana nan?" Ya ce yana Funtuwa yana ga-ruwa, ranar da suka gudu bai samu ɗaukar gangar ba. Na roƙe shi ya nemo mini lambar mutumin, ya ce zai tambaya ranar kasuwa.