Tutar Rasha a titunan Kaduna

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, na ga samari a nan Kaduna suna daga tutar Rasha suna kaɗawa. Ban ga laifin fushinsu ba, yunwa ba ƙanwar lasa ba ce. Tutar ce ta tsaya mini a rai har yau.

Na san inda suka samo ta. Sun ga Mali ta sallami sojojin Faransa a 2022, Burkina Faso da Nijar suka bi sahu a 2023, sannan Amurka ta kwashe komatsanta daga sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas a 2024. Kuma Faransa ba ta da bakin magana. Kusan shekara goma ta yi a Mali, ta tafi ta bar masu ikirarin jihadi sun bazu fiye da yadda ta same su. Kafin nan, ita da ƙawayenta na NATO ne suka rusa Libiya a 2011, makaman Gaddafi suka kwararo cikin Sahara.

To amma wa ya maye gurbinta? Sojojin hayar kamfanin Wagner na Rasha sun shiga Mali a ƙarshen 2021. A watan Maris na 2022, a garin Moura, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da wasu baƙin dakaru sun kashe mutum aƙalla 500, mafi yawansu fararen hula, a ranakun da jama'a suka taru cin kasuwa. Talakawa ne irin na Giwa da Birnin Gwari, masu kawo dabba su sayar su sayi hatsi. Da yaron da ke riƙe da tutar nan ya san labarin Moura, da wuya hannunsa ya iya ɗaga ta. An gudu ne ba a tsira ba.

Babu ƙasar da ke turo 'ya'yanta su mutu saboda Allah. Wannan na hangen yuraniyom ɗin garin Arlit na Nijar, wancan zinariyar Mali, wani kuma so yake kawai ya hana abokin gabarsa wurin zama. Duk wanda ya ci nasara a cikinsu, gawar tamu ce.

Mu mutanen Kaduna bai kamata a koya mana wannan ba, garin da Turawan mulkin mallaka suka kafa don girke sojojinsu. Iyayenmu sun gane haka da wuri: yarjejeniyar tsaron da Najeriya ta ƙulla da Birtaniya a 1960, matsin lambar ɗalibai da 'yan adawa ya sa aka soke ta a 1962.

Ba na cewa kada a sayi makami ko a karɓi horo a waje. Amma duk wata yarjejeniya da za ta kawo baƙon soja ƙasar nan, daga Amurka, Faransa ko Rasha, a shimfiɗa ta gaban Majalisar Tarayya a karanta mu ji, kuma sanatocin Kaduna uku su fito su faɗa mana inda suka tsaya.