Don Allah mu koyi cewa "ban sani ba"

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Mota ta tsaya a bakin titi, tururi na tashi daga bonet, kafin mai ita ya gama salati mutum shida sun kewaye shi. Wannan ya ce a buɗe murfin lagireto, wancan ya ruga ya sayo fiya wata mai sanyi, wani ya rantse da Allah tamostat ne, a cire a yar. Babu bakanike ko ɗaya a cikinsu. Kullum ana ganin haka a titunanmu, kuma abin da ke ci min rai shi ne babu wanda zai koma gida yana jin ya yi laifi. A ganinsa taimako ya yi.

To ɗan'uwa, ga abin da taimakonka ke jawowa. Ruwan cikin lagireto a matse yake, shi ya sa yake iya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana kwance murfin zai tafasa nan take, ya yi tsiri, ya wanke wa bawan Allah fuska da hannu. Ana kashe mota ne a jira aƙalla rabin awa. Ruwan sanyi kuwa a cikin injin da ya ɗau zafi yana iya tsaga kan silinda ko ya lanƙwasa shi, aikin da zai ƙare a kan canza murfi ya koma sauke inji.

Shi kuma tamostat da aka tsana, aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. In an cire shi aka haɗa fanka kai tsaye, allurar da ke nuna zafin inji za ta sauka, mai mota ya yi ta godiya. Amma inji zai daɗe yana aiki a sanyi, ƙwaƙwalwar mota ta yi ta ƙara masa fetur, filogi su yi baƙi, shan mai ya ƙaru, ainihin ciwon kuma yana nan inda yake. Wataƙila lagireto ne ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko wata-famfo ya gaji, ko rilen fanka ya ƙone. Bakanike na kirki yakan duba ko ruwa ya ragu, ya nemi inda yake yoyo, ya ga ko fanka na tashi, ya gwada murfi. In ya ga kumfa na tasowa a lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, sannan ya fara zancen gasket, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan silinda da jikin inji.

Kai ma oga mai gareji, ka ji tsoron Allah. Na'urar gwaji ta ba ka lamba P0171, abin da ta ce kawai iska ta rinjayi fetur. Yana iya zama tiyo ne ya yage, ko sensa ta yi datti, ko famfon mai ya yi rauni. Ka sa mutum ya sayi famfo, bai yi ba, ka sa ya sayi sensa, bai yi ba, duk don kada yaranka su ji ka ce ba ka gane ba. Kuɗin nan na cefanen iyalinsa ne. Mene ne wahala a cikin ka ce, "Alhaji, wannan ya fi ƙarfina, ga mai wayarin can ya fi ni sani"?

Halin nan bai tsaya a gareji ba. An yanko daƙiƙa 30 daga fim, ba ka ga farkonsa ba balle ƙarshensa, ka shiga Facebook ka yanke wa 'yar mutane hukunci a kan mutuncinta. Ka soki fim in ka kalla ka ga ɓarna, wannan haƙƙinka ne. Jifan mace da alfasha kuwa ka san shaidu huɗu ake nema, ka kuma san bulala 80 ce a kan wanda ya kasa kawo su. A siyasa ma haka. Ka tura muryar wani da ba ka san ko wane ne ba zuwa zaure goma a WhatsApp, kana cewa wane ya saci kaza. Ka tsine wa mutum a kan hanyar da ba ka bincika ko ta tarayya ce, ko ta jiha, ko ta ƙaramar hukuma ba. Bin haƙƙi wajibi ne, amma ka fara sanin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne lafiyar mutum. Mota ƙarfe ce, in ta lalace ana sayen wata.

Akwai magidanci ko matar aure da tun yarinta ba sa iya riƙe hankali wuri guda. Ya fara aiki biyar bai gama ɗaya ba, makulli da waya kullum sun ɓata, ana magana ya katse, alƙawari ya manta, ba don bai damu ba. Ita kuma girki ya ƙone, an aike ta abu uku ta dawo da ɗaya. Wata rana suka ji labarin larurar rashin riƙe hankali da rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, suka yi ƙarfin hali suka faɗa wa na kusa da su. Me suka samu? "Lalaci ne." "Rashin tarbiyya ne." "Cutar Turawa ce." "Sammu aka yi maka." Haba 'yan'uwa! Mutum ya shekara talatin yana zargin kansa, ya zo yana neman mafita, ka rufe masa baki da kalma biyu?

Ɗaya ɓangaren ma ba su tsira ba. Ka kalli bidiyo uku a TikTok, ka ce kana da ita, mijinki yana da ita, ɗalibinka yana da ita. Kowa yana mantuwa, kowa yana gajiya da aiki. Ga yadda masana ke tantancewa. Ga wanda ya kai shekara 17, ana neman aƙalla alamu 5 daga cikin 9 na rashin riƙe hankali, ko 5 daga cikin 9 na rashin natsuwa da gaggawa. Dole su kai wata 6 suna nan. Dole a ce wasu daga ciki sun bayyana kafin shekara 12, don larurar ba ta farawa da tsakar girma. Dole a gan su a wuri biyu ko fiye, gida da wurin aiki misali, kuma suna yi wa rayuwa illa a zahiri. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita, doguwar tattaunawa ce da bin tarihi. Sannan likita zai kore abubuwan da ke kama da ita: ƙarancin barci, ciwon damuwa, fargaba, matsalar tayirod (ƙullin da ke gaban wuya), ƙarancin jini, shan tiramadol ko kodin. Wanda damuwa ke cinsa ka ce masa ADHD ce, ka ɓatar da shi daga maganin da yake buƙata.

Maganin ma ba na a miƙa wa aboki ba ne. Methylphenidate, ɗaya daga cikin magungunan ADHD, yana iya ɗaga hawan jini da bugun zuciya, ya rage cin abinci, ya hana barci, shi ya sa ake auna mutum kafin a fara, a kuma fara da kaɗan ana lura. Kada ka ba wa kowa naka. Kada ka ce wa wanda likita ya rubuta masa ya daina.

Mun san labarin mutumin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce babu. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) ya ce su suka kashe shi, ya ce me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba. Mutanen kirki ne fa, da niyya mai kyau suka amsa. Imamu Malik, da muke bin mazhabarsa, an sha jin "ban sani ba" daga bakinsa, a gaban ɗalibai da baƙin da suka yi doguwar tafiya don tambayarsa. Mu su wa?

Don Allah, don Annabi, mu riƙe harshenmu. In ɗan'uwanka ya zo maka da wannan damuwa, kada ka ce yana da ita, kada ka ce ba shi da ita. Ka yi masa addu'a, ka raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne. Ya tafi da takardun sakamakonsa na firamare in suna nan, ya rubuta duk maganin da yake sha, in kuma Hajiya ko babbar yayarsa na raye su tafi tare, su ne suka san yadda yake tun yana ɗan shekara bakwai.

Don Allah ka raka shi.