Haƙora shida

Jama'a har yau in zan wuce teburin mai shayin nan na bakin sitonmu sai na kara waya a kunne kamar ana kirana. Waɗanda suke wajen ranar Asabar sun san dalili, sauran kuma gara ku ji daga bakina kafin a ƙara muku gishiri.

Kun dai san Kawu ya sayo injin ɗora hatsin nan na hannu, wanda suke ce wa oga. Dogon bututu ne da murɗaɗɗen ƙarfe a cikinsa kamar sukuru, in yana juyawa sai ya riƙa kwasar masara daga ƙasa yana tura ta sama cikin rumbun ƙarfen da ya kafa a hanyar Kumo. Ba shi da injin kansa, tarakta ce ke juya shi da ɗan ƙarfen nan na bayanta, PTO. Kawu ya ce a nemo tarakta haya, ni kuma caraf na ce a bar min, ai ni na yi boko a gidan. Akanta na karanta fa. Amma baki ya riga ya furta.

Da na je tarakta biyu na samu. Ɗaya tsohuwar Massey 135, fitila ɗaya, kujerar ma buhun taki aka ninke a kai, sai an tura take tashi. Mai ita wani dattijo ya ce min "ɗana, wannan aikin ba ya son ƙarfi, doki arba'in da 'yan kai ɗin nan nata sun ishe shi har da canji." Na ce to Baba Allah ya ƙara lafiya, a raina ina cewa wannan akwalar zan kai gaban abokan Kawu? Na nuna ɗayar, ƙatuwa, doki sama da ɗari, tayar baya ta kusa kai ni tsawo. Kuɗin hayarta ninki uku, gas kuma namu. Ko tayi ban yi ba.

To ranar aiki na ci farar shadda, na kafa hula, na ɗare gefen direba muka shigo ana ta kallo. Kawu ya gayyato abokansa daga Tudun Hatsi, ga 'yan dako ga yaran unguwa. Direba ya yi ribas ya daidaita, zai sauko ya haɗa na ce a'a bari, ni zan haɗa da kaina. Wallahi har yau ban san wa ya aike ni ba.

Na ɗaga shaf ɗin ogan, sandar ƙarfen da ke haɗa shi da tarakta, nauyi kamar taɓarya biyu, na kai bakinsa kan ƙarfen taraktar na tura. Ya ƙi. Na juya kaɗan na sake turawa. Ya ƙi. Na ce a kawo giris, aka kawo, na lafta, rabi a ƙarfe rabi a hannun rigata. Na durƙusa na sa kafaɗa na yi nishi, hulata ta faɗi cikin masara wani yaro ya ɗauko yana kaɗe min. Wajen ya yi tsit, tsit ɗin nan da ka san kowa dariya yake dannewa. Na ce tsatsa ce, a ba ni guduma. Kawu ya ce "kai, kar ka fasa min kaya." Na ce Kawu ai haka sabon haɗi yake. Sabon haɗi! Daga ina ma na samo maganar nan oho.

Sai ga mai shayi ya tako da kofi a hannunsa, ya leƙa cikin bakin shaf ɗin, ya leƙa ƙarfen taraktar, ya fara ƙirga haƙoransu da ƙarfi kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Na ogan ɗaya, biyu, har shida. Ya koma na taraktar, bai tsallake ko ɗaya ba, sai da ya kai ashirin da ɗaya, yara suna amsa masa. Ya ɗago ya ce "Akanta, shida da ashirin da ɗaya, a bokonku ɗaya ne?"

Ashe ƙarfen PTO ɗin ba iri ɗaya ba ne. Mai haƙora shida yana juyi 540 a minti, shi ogan Kawu yake so. Mai 21 kuma juyi 1000 yake, na manyan injuna. Da ma ya shiga ɗin da kusan ninki biyu zai riƙa wulwula ogan, ya farfashe masarar ko ya tsinke kusar shaf ɗin. Direban da ya zuba min ido tun ɗazu sai yanzu yake cewa ai motar tana da ƙarfen canji mai shida, amma ya ɓata tun damina biyu da suka wuce. Ka san haka ka bar ni ina nishi?

Shi kuwa mai shayin nan, mutumin da lissafin bashinsa bai taɓa daidai ba. Indomie biyu na ci a watan jiya ya rubuta huɗu, na yi magana ya ce ido ne ya fara ba shi matsala. Amma ranar nan idonsa ya ga haƙora 21 cikin giris ba tabarau. Kuma ni na cike wa ƙaninsa fom ɗin makaranta kyauta, da datata. Yanzu ko almajiri ya zo sayen shayi sai ya ce masa suga cokali shida ko ashirin da ɗaya.

Ƙarshe dai ni aka tura na je na ba Baba mai Massey haƙuri, har da ni a masu tura ta. Shaf ya shige ƙwal ba ko giris, Baba ya sa na cire 'yar sama wai kar ƙarfen ya naɗe ni, ya ɗan ba ta wuta, masara ta kama hawa. Bai ce min komai ba, wanda hakan ya fi ciwo.

Kuɗin babbar kam ba a dawo da shi ba, Kawu ya ce za mu yi magana bayan kaka. Shaddar tana wajen mai wanki, ya ce giris ɗin sai dai a rage.