Ranar da Kwale-kwale Ya Rama

Shekara tara ina koyar da fiziks a sakandare, kuma a duk darussan babu wanda nake ji da shi kamar dokar Newton ta uku. In na zo kanta har hula nake gyarawa. Nakan ce wa yara: "Duk abin da ka tura, shi ma a lokacin yana tura ka, da ƙarfi daidai da naka, sai dai kai ka yi gabas shi ya yi yamma." In sun yi zuru, sai in kawo misalin bindigar mafarauta, harba-ka-ruga, wadda in harsashi ya yi gaba ita kuma ta naushi kafaɗar mai ita. In ƙara musu da cewa Isaac Newton ya wallafa wannan magana a Ingila tun 1687, da harshen Latin. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ni kuwa har gyara nake musu, in ce a wajen Newton kunnen doki suke yi.

To, ana nan sai ɗaurin auren wani abokin aikina ya taso, a wani ƙauye da ke tsallaken kogin Neja, ta wajen Yawuri. Na ci ado: farar shadda sabuwa dal da ta sha bugu, hula zanna bukar, takalmi sau ciki, turare kuwa har direban motarmu sai da ya yi atishawa. Ko da na isa bakin ruwa jirgi mai inji ya tashi. Saura wani siririn kwale-kwale na wani dattijo, muka shiga mu uku.

Malami ba ya iya yin shiru, wannan ciwo ne da ba shi da magani. Muna tsakiyar ruwa na gyara murya.

"Baba, ka san abin da ke tafiyar da jirgin nan?"

"Ikon Allah, Malam. Sai kuma ɗan damtsen nan nawa."

"Haka ne. Amma ka ga filafilin nan? Kana tura ruwa baya, ruwa kuma yana tura ka gaba. Wani Bature ne ya gano haka."

Ya dube ni, ya dubi ruwa, ya ce, "Ashe shekara hamsin aikin Bature nake ban sani ba. Ko akwai fansho?"

Aka yi dariya, har da ni, don a lokacin ina da bakin yi.

Da muka iso gaɓa, Baba ya kafa gorarsa ya danne jirgi, mutum biyun nan suka sauka lafiya lau. Shi ma ya sauka da igiya a hannu, ya nufi turke, yana cewa, "Malam, dakata in ɗaure." Daidai nan na jiyo lasifika daga cikin gari ana cewa a matso za a shafa fatiha. Na duba, tsakanina da busasshiyar ƙasa bai fi taki ɗaya da rabi ba, ga laka a tsakani, ga takalmina yana walƙiya. Ga kuma mutane a bakin gaɓa suna kallon baƙon birni. Na tattare babbar riga, na taka bakin jirgi, na yi tsalle.

Ni dai na san na yi nawa. Na tura jirgi da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni. Shi ma, tsakani da Allah, bai ci amanata ba, ya tura ni da daidai abin da na ba shi. Abin da na manta, ni da nake cin albashi a kan wannan magana, shi ne rabon gudu. In ka yi tsalle a tudu, duniya ce kake turawa, ita kuwa nauyinta ya sa ko gezau ba ta yi, sai gudun duka ya zama naka. Amma ni mai kilo 92, a kan ɓawon itacen da yara biyu za su iya ja, kuma babu kowa a ciki? Jirgi ya kwashi kaso mafi tsoka ya sulale baya kamar tarwaɗa, ya bar ni da ɗan canji.

Ban san sakan ɗaya yana da tsawo haka ba. Ƙafar dama ta miƙa tana neman ƙasa, ta hagu tana bin jirgi tana ba shi haƙuri, babbar riga ta buɗe kamar laima. Har na hango fuskar Baba, bai ko yi mamaki ba. Sai tsundum!

Ruwan iya ƙirji ne, amma lakar da ke ƙasa ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta riƙe takalmi ɗaya a matsayin tukwici. Hulata ta kama hanyar Kainji ba ko sallama. Samari biyu suka jawo ni kamar buhun da ya faɗo daga mota, ana ta "sannu Malam" da muryar mutanen da ke danne dariya har hawaye.

A nan ya kamata in tsaya. Amma da Baba ya jawo jirgin ya ɗaure shi tamau a turke, zuciya ta ɗebe ni, na kai masa hauri da ƙafar da ba takalmi. Wannan karon ba shi da inda za shi, don haka ya tsaya ya rama a babban yatsana. Na durƙusa ina salati.

Sai na ji wata 'yar murya daga cikin taro: "Malam, ina wuni. Malam, wannan ita ce ta ukun?"

Ɗalibina ne, ɗan aji biyar, ashe garinsu ne. Yaron da na ba shi biyu cikin goma a kan wannan doka, na kuma rubuta masa da jan biro cewa ya riƙa kawo misali daga rayuwa.

Walima dai na ci ta cikin wata taguwar Baba mai ƙarnin kifi, wadda ta tsaya mini a cibiya, kuliyoyin gidan ango biyu suna gadina. Waya ta kwana uku cikin shinkafa ba ta farfaɗo ba.

Da na dawo gida ina jan hanci, na zauna na yi wa maiɗakina bayani dalla-dalla, don kada ta ɗauka ganganci ne. Na ce mata a ilmance ba a ci ni ba, ƙarfin da jirgi ya sa mini daidai yake da wanda na sa masa. Ta ɗaga shaddar da yatsa biyu, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "To Malam, shi jirgin wa ke dafa masa citta? Ko shi muran bai kama shi ba?"

Ran Litinin na shiga aji ina ɗingishi, na tarar an riga ni. An zana kwale-kwale a allo, da kibiya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, tsawonsu daidai. Na duba da kyau ko zan sami kuskure in huce a kan wani. Har hular sun sa.