Kafin a kankare maka lafiyayyen haƙori

A nan Turai, tallan asibitocin haƙori murmushi iri ɗaya yake nunawa: haƙora fari fat, a jere kamar an buga su a injin. Alhali murmushi iri-iri ne. Wani gefen bakinsa kawai ke ɗagawa, wani har fiƙa ke bayyana, wani kuma dasashinsa ke fitowa. Idan dasashin da ake gani ya wuce milimita 3, a fara neman dalili: leɓen sama ne ke hawa da yawa, ko nama ne ya rufe haƙori, ko ƙashin muƙamuƙi ne ya yi tsawo. Kowanne da maganinsa, kuma rufa haƙori da tangaran ba ya gyara ko ɗaya.

Inda aka fi cutar mutane shi ne tsakanin ɓawon tangaran da hula, wato rufi iri biyu da ake manna wa haƙori. Ɓawo fuskar haƙori kaɗai yake rufewa, ana goge milimita 0.3 zuwa 0.7. Hula kuwa sai an kankare haƙorin ta ko'ina, milimita 1.5 zuwa 2, ya koma ɗan kututture. Ana sayar wa mutane hula da sunan ɓawo, musamman a aikin kwana biyar da ake zuwa yi wata ƙasa. Farin rufin haƙori na halitta, in an kankare shi, ba ya sake tsirowa. In kankarar ta matso kusa da jijiya, sai tsami da zugi, wani lokaci jijiyar ta mutu. In bakin hular bai zauna daidai ba, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari. Ko aikin ya yi kyau, bayan shekara 10 zuwa 15 yawanci sai an sake.

A ganina a fara da abin da ba ya cin haƙori. Wanki da maganin dasashi tukuna. Karkatattun haƙora a sa musu waya, a riƙa sa mariƙi, wato abin da ke riƙe haƙora a sabon mazauninsu, da dare bayan an cire wayar, in ba haka ba su koma gidan jiya. Sannan sa haƙora su yi fari, dokar Tarayyar Turai ta tsayar da sinadarin da ake yin haka da shi, haidurojin feroksaid, a kashi 6 cikin ɗari, a hannun likita. Ba ya sauya launin ciko ko tangaran, shi ya sa ake fara yin sa, a jira mako biyu kafin a manna komai.

Wushirya kuwa ba cuta ba ce, ko da takardar asibiti ta lissafa ta cikin abubuwan gyara. Mai son rufe ta, farin ciko da ake mannawa ba tare da kankara ba ya wadatar, in ramin bai wuce milimita 2 ba.